Yadda Ake Ɗaukar Hoton Ruwa Mai Gudu Ya Fito Da Laushi, Da Filtar ND

Mutane da yawa idan suka ga hoton magangarar ruwa, ruwan ya sauko fari lallausa kamar auduga amma duwatsun gefe sun fito ɓaro-ɓaro, sai su ɗauka aikin kwamfuta ne. Galibi a cikin kyamara ake gama shi tun a bakin ruwan.

A cikin kowace kyamara akwai ɗan ƙyaure da ke buɗewa idan ka danna maɓalli, haske ya shiga, sannan ya rufe. Idan ya buɗe na 1/500 na sakan, ɗigon ruwa zai tsaya cak a iska. Idan ya daɗe a buɗe har sakan ɗaya, duk tafiyar da ruwan ya yi cikin wannan sakan za ta kwanta a kan hoton ta zama zare guda, dutse kuwa tunda bai motsa ba sai ya fito tsaf. Abin da ke hana wannan shi ne yawan haske. Da tsakar rana, a ISO 100 (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) da f/16 (girman kafar da haske ke bi, idan lambar ta ƙaru kafar ta ƙanƙance), kyamara tana neman kusan 1/125 na sakan ne kawai. Ka tilasta mata sakan ɗaya, hoton zai fito fari fat, ba ruwa ba dutse. Filtar ND gilashi ne mai duhu da ake sa wa a gaban idon kyamara domin ya rage hasken da ke shiga ba tare da ya sauya launi sosai ba, sai ƙyauren ya samu damar daɗewa a buɗe.

Kayan aiki

- Kyamarar da ke ba ka damar saita komai da hannu, wato mai yanayin M. DSLR ce, wato mai madubi a ciki, ko marar madubi, duk ɗaya.
- Mazauni mai ƙafa uku. Gara mai ɗan nauyi da ɗan siririn da iska ke kaɗawa.
- Filtar ND, ko da guda ɗaya ce.
- Filtar CPL, mai kashe ƙyallin da ke kan ruwa da jiƙaƙƙen dutse. Ita ma tana cin haske, kusan mataki ɗaya da rabi zuwa biyu.
- Rimot, ko jinkirin sakan 2 da ke cikin kyamarar.
- Ƙyallen goge gilashi guda biyu ko uku, a busasshen aljihu.
- Batir na biyu, domin dogon ɗauka yana shan caji.
- Takalmi mai riƙe ƙasa.

Ana auna duhun filta da mataki, kuma kowane mataki ɗaya yana ninka lokacin buɗewar ƙyaure sau biyu. Uku ne za ka fi cin karo da su. ND8 mataki 3 ce, wasu kamfanonin kan rubuta 0.9 a jikinta. ND64 mataki 6 ce, ko 1.8. ND1000 mataki 10 ce, ko 3.0, baƙa ce wuluk, da ƙyar ake hango komai ta cikinta. Idan guda ɗaya za ka mallaka, ni dai ND64 zan ce ka ɗauka. Sabbin shiga sukan ruga su sayi ND1000 saboda sun ji ita ce babba, sai su tarar a inuwar bishiyoyi tana ja musu minti biyu a wurin da sakan ɗaya ya isa.

Kafin ka saya, duba girman bakin idon kyamararka. Akwai alamar ø da lamba a gefensa ko a cikin murfinsa, misali ø58, ø67 ko ø77, milimita ke nan. Idan kana da idanu masu baki daban-daban, sayi filta daidai da mafi faɗi, sannan ka nemi zoben haɗi na sauran. Akwai filta zagayayya da ake murɗawa, akwai mai kusurwa huɗu da ake zurawa cikin mariƙi, yawanci mai faɗin milimita 100. Akwai kuma wadda ake juyawa duhunta ya ƙaru ko ya ragu. Tana da sauƙin aiki, amma idan ka kai ta ƙarshen duhunta, musamman da ido mai kama wuri da faɗi, takan zana wani baƙin gicciye a tsakiyar hoton, kuma ba ya gyaruwa.

1. Zaɓi lokaci, ka karanci wurin

Ranar da gajimare ya rufe sama ita ce ranar magangara da rafi. Haka nan kafin fitowar rana da jim kaɗan bayan faɗuwarta. Idan rana ta ƙwalle, wani ɓangaren ruwan yana cikin haske wani yana inuwa, ɓangaren hasken zai ƙone ya zama farin tabo. Filta ba ta maganin wannan, domin tana rage haske ne bai ɗaya a ko'ina cikin hoton.

Da isarka kada ka fara kwance jaka. Tsaya ka kalli ruwan na wasu mintuna. A bakin teku, dubi iyakar inda yashi ko dutse ya jiƙe, domin igiyar da ta kai can za ta sake kaiwa. Ka san ko teku cikowa yake ko janyewa, kuma kada ka ba shi baya. A ƙasan madatsar ruwa ana iya sako ruwa ba zato. Rafin da ke cikin kwazazzabo yana iya cikowa saboda ruwan saman da aka yi can nesa. Dutsen da gansakuka ta kama kuwa santsi gare shi fiye da yadda ido ke nunawa.

2. Tsara hoton da hannu tukuna

Riƙe kyamara a hannu ka zagaya: ka durƙusa, ka matsa hagu, ka matsa dama. Wanda ya fara kafa mazauni yakan maƙale a inda ya kafa shi don ƙyuyar ɗagawa. Nemi abin da ba ya motsi ka sa shi cikin hoton, dutse ne, kututture ne, ginshiƙin gada ne. Laushin ruwa ba ya fitowa sai yana kusa da abu mai kaifi. Idan komai a hoton ya yi dishi-dishi, mai kallo zai ce hannunka ne ya yi rawa. Ka lura kuma da inda kumfa ke bi, domin ita ce za ta zana fararen layukan da ke jan ido. Baƙin ruwa marar kumfa ba ya nuna gudu sosai, kome tsawon lokacin da ka ba shi.

3. Kafa mazauni

Fara zaro ɓangarorin ƙafa masu kauri, sirara na ƙasa su zama na ƙarshe. Sandar tsakiya bar ta a ƙasa in dai ba dole ba, ita ce ta fi kawo rawa. A jiƙaƙƙen yashi, danna ƙafafun su nutse sosai kafin ka fara, in ba haka ba duk igiyar da ta zo za ta ɗebe yashin da ke ƙarƙashinsu, kyamara ta riƙa sunkuyawa a hankali ana tsakar ɗauka. A cikin rafi, tokare kowace ƙafa a tsakanin duwatsu, sannan ka ɗora tafin hannu a kan mazaunin: idan kana jin kyarmar ruwa a hannunka, za ta fito a hoton, sai ka sauya wuri. Gadar katako ko ta ƙarfe da mutane ke takawa ita ma haka take. Ka naɗe igiyar rataya kyamara don kada iska ta riƙa kaɗa ta.

4. Saita kyamara, filtar ND tana aljihu

Juya zuwa M. Zaɓi RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin kusan kowace filta mai duhu tana ɗan karkatar da launi zuwa shuɗi ko ja-ja, kuma a RAW ne gyaran ke da sauƙi. Sauke ISO zuwa na asalin kyamarar, yawanci 100, wasu 64 wasu 200, kuma ka kashe ISO mai sauya kansa. Sa lambar f a f/8 ko f/11. Za ka so ka tafi f/22 don ƙarin lokaci, amma daure: a can kaifin hoto yana raguwa, kuma duk ƙurar da ke kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, za ta fito ɗigo-ɗigo a kan ruwa da sama. Kashe na'urar hana rawa, wadda Canon ke kira IS, Nikon VR, Sony kuma OSS, saboda a kan mazauni takan nemi gyara rawar da babu ita. Idan za ka yi aiki da CPL, saka ta yanzu, ka juya ta a hankali kana kallon jiƙaƙƙen dutse har ƙyallin ya ragu. Ba sai ka kashe shi duka ba, ɗan ƙyalli ne ke nuna cewa dutsen a jiƙe yake.

5. Saita fokas, ka kulle shi

Sa fokas a kan abu tsayayye, ba a kan ruwa ba. Ƙara girman wurin a allon baya ka tabbatar ya yi kaifi, sannan ka tura maɓallin daga AF, mai saita fokas da kansa, zuwa MF, na hannu. Wanda ya tsallake wannan, da zarar ya sa filta mai duhu ya danna, kyamara za ta shiga lalube cikin duhu ta watsar da saitin da ya yi. Daga nan kada ka sake taɓa zoben fokas ko na zuƙowa.

6. Ɗauki gwaji ba filta

Daidaita lokacin buɗewa har ma'aunin haske ya zo tsakiya, ka ɗauka, ka buɗe jadawalin haske na hoton, wato zanen da ke nuna duhu a hagu, haske a dama. Hasken allon baya yana yaudara, jadawalin ne abin dogaro. Idan tsaunin da ke jikinsa ya manne da bangon dama, farin ruwan ya ƙone, sai ka rage lokaci ka sake. Kunna gargaɗin nan mai walƙiya a wuraren da suka ƙone, yana taimakawa ƙwarai. Idan gwajin ya yi daidai, riƙe lambar a kai, misali 1/125.

7. Yanke shawarar lokacin da ruwan ke so

A nan ne ainihin aikin yake. Ruwan ne ke faɗin lokaci, lokacin kuma ya faɗi filtar da za ka sa. Da yawa suna yin akasin haka: su sa filta mafi duhu, duk abin da ta ba su su karɓa.

Magangara mai ƙarfi, ruwa mai yawa da sauri, 1/8 zuwa 1/2 na sakan ya ishe ta. A wannan tsakanin ruwan yana laushi amma ana ganin zare-zarensa, ana jin nauyinsa. Ka ba ta sakan 20, za ta koma farin shafe marar siffa. Ƙaramar magangara mai siririn ruwa, ko rafi mai bin tsakanin duwatsu, tana son sakan 1 zuwa 2, wani lokaci har 4, domin siraran hanyoyin ruwan su cika su haɗu. Tafkin da ke gindin magangara, inda kumfa ko ganye ke kewayawa a hankali, yana buƙatar sakan 10 zuwa 30 kafin kewayen ya zana da'ira.

Teku hali biyu gare shi. Idan fararen layukan da igiya ke bari tana komawa kake so, rabin sakan zuwa sakan 2 ne. Idan so kake ya kwanta lumui, ya koma hazo a gindin duwatsu, to daga sakan 30 zuwa minti biyu ko fiye, kuma nan ne ND1000 ke da amfani. Tsakanin sakan 5 zuwa 10 a teku sau da yawa ba ya ba da ko ɗaya, siffar igiya ta tafi, kwanciyar kuma ba ta zo ba.

Waɗannan lambobin wurin farawa ne. Nisa ma yana da tasiri: ruwan da ke daf da kyamara yana ratsa hoton da sauri, don haka gajeren lokaci ya ishe shi, na nesa kuwa sai an ƙara masa.

8. Yi lissafi, ka sa filta

Ka ce gwajinka ya ba ka 1/125, kana son rabin sakan. Ƙirga ninki: 1/60, 1/30, 1/15, 1/8, 1/4, 1/2. Mataki shida, ND64 ke nan. Da a inuwa kake, gwaji ya ba ka 1/30, ND8 za ta kai ka 1/4. Ga ND1000 akwai gajeriyar hanya: raba 1000 da lambar ƙasa. 1/250 ya zama sakan 4, 1/125 ya zama sakan 8, 1/30 ya zama wajen sakan 30. Daga nan 1/15 minti ɗaya ne, 1/8 minti biyu. Akwai manhajojin waya masu wannan lissafin, amma takarda ƴar ƙarama a cikin jaka ba ta mutuwar batir.

Idan filtar da ke hannunka ba ta faɗo daidai kan lokacin da kake so ba, cike giɓin da sauran saituna. Lokaci ya yi tsawo? Ɗaga ISO daga 100 zuwa 200, ya ragu da rabi. Ya yi gajarta? Matsa daga f/8 zuwa f/11, ya ninka.

Murɗa filtar a hankali, ɗaya hannun yana riƙe da bakin idon don kada fokas ya goce. Kada ka ɗaure ta tamau, cirewa da jiƙaƙƙen hannu wahala ce. Idan ka jera CPL da ND a kan ido mai kama wuri da faɗi, duba kusurwoyin hoton, sukan yi baƙi. Sannan ka sauya lokacin buɗewa zuwa sabon da ka lissafa. Mantuwa da wannan ita ke sa mutum ya ga hoto baƙi ƙirin ya ɗauka kyamara ta lalace.

9. Ɗauka

Mai DSLR ya rufe tagar leƙe ta baya. Haske yana kutsawa ta nan a dogon ɗauka ya bar jan tabo ko shunayya a tsakiyar hoton. Wasu kyamarori suna da ɗan marfi a jiki, wasu a kan igiyar rataya, in babu, baƙin ƙyalle ko hula ya wadatar. Ka kuma yi aiki da ɗaga madubi tun kafin ɗauka, ko ka ɗauka ta allon baya. Kyamara marar madubi ba ta da wannan damuwar.

Goge filtar, sannan ka danna da rimot ko jinkirin sakan 2, hannunka nesa da mazauni. Yawancin kyamarori iyakarsu sakan 30. Abin da ya wuce haka sai yanayin B, inda ƙyauren ke zama a buɗe har ka sake shi, kana duba agogo. A nan rimot mai makulli ya zama dole, domin yatsa a kan maɓalli tsawon minti biyu rawa ce zalla.

A bakin teku rimot ya fi jinkiri, saboda lokacin dannawa shi ne komai. Bari igiyar ta hau ta kai iyakarta, ta ɗan tsaya, da ta fara ja da baya sai ka danna. Kada ka tsaya a kan guda ɗaya. Ba igiya biyu da ke zana layi iri ɗaya, sai ka tara da dama ka zaɓa daga baya. A magangara ma, ɗauki 1/4, ɗauki sakan 1, ɗauki sakan 2, kana daidaita ISO ko lambar f, ka bar zaɓi sai a babban allo.

Feshin ruwa shi ne babban mai ɓata wannan aiki. Ɗigo ɗaya a kan filta ba ya ganuwa a ɗan allon kyamara, sai ka koma gida ka ga tabo a kan hoto bayan hoto. Kusa da magangara, rufe gaban idon da ƙyalle ko murfi, ka jira iska ta lafa, ka goge, ka janye, ka ɗauka, ka sake rufewa.

10. Duba, ka gyara

Ƙara girman hoton a kan dutsen da ka sa fokas. Idan dutsen ya yi biyu-biyu, mazauni ya motsa. Idan ya yi dishi bai ɗaya, fokas ya goce, sai ka cire filta ka koma lamba 5. Idan hoton ya yi duhu ko haske duk da lissafinka daidai ne, ba laifinka ba ne: filtar da aka rubuta wa mataki 10 takan ɗan haura ko ta gaza. Gano halin taka, ka riƙa ƙara mata ko rage mata. Haske ma yana sauyawa da sauri a lokacin fitowa da faɗuwar rana, lissafin minti biyar da suka wuce ya riga ya tsufa.

Idan iska tana kaɗa ganye, za su fito a dame. Ko ka jira ta lafa, ko ka ɗauki na biyu da gajeren lokaci ba tare da ka motsa kyamara ba, ka haɗa su a kwamfuta: ruwa daga na farko, ganye daga na biyu. Akwai kuma saitin rage hatsi-hatsin dogon ɗauka. Idan yana kunne, bayan ɗaukar minti biyu kyamara za ta ƙara wasu minti biyun tana aiki ƙyaure a rufe. Yana tsabtace hoto, amma idan haske na guduwa gara a kashe shi.

Idan wani abu ya rasa

Ba filtar ND? Bari rana ta yi maka aikin. Kafin fitowarta ko bayan faɗuwarta, ISO 100 da f/11 ko f/16 kaɗai sukan ba ka sakan ɗaya ko fiye. A inuwa mai kauri CPL ita kaɗai tana iya kai ka 1/4. Wata hanyar ita ce ka ɗauki hotuna da yawa a jere daga kan mazauni, ka ɗora su a kan juna a Photoshop ka fitar da matsakaicinsu: hotuna 16 na 1/15 za su ba ka abin da ya yi kusa da sakan ɗaya. Wasu kyamarorin suna da ND a ciki, kamar jerin X100 na Fujifilm, wasu na Olympus da OM System kuma suna da Live ND da ke yin wannan haɗin da kansu, don haka duba taka kafin ka sayi komai. Gilashin masu walda yana rage haske sosai, ana ɗaure shi da roba a gaban ido, sai dai yana rina komai kore shar, sai ka mai da hoton baƙi da fari.

Ba mazauni? Ɗora jakarka a kan dutse mai faɗi, ka danna kyamara a kai ta zauna daram, ka yi amfani da jinkirin sakan 2. Za ka rasa zaɓin tsawo da kusurwa, amma hoton zai yi kaifi.

Waya kawai gare ka? A iPhone, ɗauki hoton da Live Photo a kunne, ka buɗe shi ka zaɓi Long Exposure. Tun iOS 11 na 2017 ake da shi. Yawancin wayoyin Pixel tun daga Pixel 6 suna da irinsa. Sauran wayoyin Android masu yanayin Pro suna barinka ka saita ISO da lokaci, amma tunda lambar f ɗinsu galibi ba ta sauyawa kuma a buɗe take sosai, da rana sai ka nemi ƙaramar filtar ND mai maƙalawa.

Bayan an dawo

A kwamfuta fara da launi: ɗauki farin kumfa ko dutse mai ruwan toka a matsayin ma'auni ka cire karkatar da filta ta kawo, gwajin da ka ɗauka ba filta zai nuna maka launin gaskiya. Sauke wuraren da suka fi haske har zaren ruwan ya dawo, amma kada ka sauke har farin ya koma toka-toka. Ƙara kaifi a kan duwatsu kawai, ka bar ruwan yadda yake, sannan ka bi sama da ruwa ka share ɗige-ɗigen ƙura.

Idan a teku ka yi aiki, wanke ƙafafun mazauni da ruwan daɗi a ranar, ka zaro su duka su bushe, domin gishiri da yashi suna cin makullansu. Filta kuma a fara hure ta ko a ɗauraye ta kafin a sa ƙyalle, saboda busasshen gishiri yana karce gilashi.